Hannun Hansatu

Shekara uku ke nan da aka cire abin murɗawa daga madubin likita, mai girmama ƙananan abubuwa, a ɗakin gwajinmu. Yanzu na'ura ce ke saita gani, ta nemo saman tsokar da aka yanko.

Kafin a cire shi, sai da aka koya mata hannun mutum biyu, nawa da na abokiyar aikina Hansatu. Ni daga sama nake saukowa a hankali har tsokar ta fito. Ita kuwa sai ta zarce ƙasa, sannan ta dawo. Aka bar sunayenmu biyu a kan allo, kowane likita ya zaɓi wanda yake so. Wurin sunanta har ya koɗe saboda yawan taɓawa. Nawa yana nan fes kamar sabo. Bara Hansatu ta rasu, amma har gobe tana kayar da ni.

Yau da safe aka kawo tsokar da aka yanko daga ƙirjin 'yata. Dakta Lurwanu ya ja da baya daga allon.

"Anti Barira, ke za ki zaɓa. Wane hannu?"

Yatsuna suka kai inda abin murɗawar yake a da, suka murɗa iska.

"Naki ma yana da kyau," in ji shi, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

Na taɓa sunan Hansatu. Kafin in janye yatsana ta samo wurin, tas, kamar kullum.

"Allah ya jiƙanta," in ji Dakta.

Na ce amin, idona yana kan allon.