Kwalbar Maganin Inna

Ƙwaya ɗaya ya ɗauka, kamar kullum, ya mayar da murfin kwalbar a hankali don kar ya yi ƙara. Inna ta shiga wanka, yana jin zubar ruwa. Ya jefa ƙwayar a baki, ya kora da ruwan kofin da ke kan taga, ya goge baki da bayan hannu. Ƙato da shi, mai shekara arba'in da shida, yana satar maganin uwarsa kamar ɓera. Kunya ta kama shi har tafin ƙafa, amma dai ya haɗiye.

Ƙarfe ake ce masa a garejin kamfani. Shekara goma sha tara yana tuƙa babbar bas mai ɗaukar ma'aikata sittin, safe da yamma, ko kaza bai taɓa takewa ba. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ko maganin mura, in ji shi, bai san ɗanɗanonsa ba, asibiti kuwa sai dai ya kai wani.

To, ƙarfen nan ya fara tsatsa. Wata huɗu da suka wuce ciwon kai ya kama shi daga ƙeya, yana sara kamar ana buga guduma. Zuciyarsa ta riƙa dukan uku-uku ba gaira ba dalili, har a kunne yake jin bugunta. Ran nan a mararraba idonsa ya yi duhu, sai da motocin baya suka ishe shi da oda kafin ya gane an ba shi hannu. Da yamma ya faki idon Inna ya ɗaura na'urar awon jininta a damtse. Lambar da ta fito ta fi ta tsohuwar nesa ba kusa ba.

Dokar kamfani kuwa ba ta da kwana: direban da aka samu da hawan jini, a karɓe masa makulli a mayar da shi gadin ƙofa. An yi wa wani haka bara, kuma Ƙarfe ne ya fi kowa tsokanarsa, kullum ya zo wucewa sai ya leƙo ta taga ya ce, "Ranka ya daɗe, sarkin ƙofa!" Yanzu da wane ido zai zauna kusa da shi a kan benci? Asibitin kamfani duk abin da ya gani sai ya kai ofis. Mai kantin maganin unguwa cikinsa ba ya riƙe magana, na nesa kuma sai da takardar likita. Sai kwalbar Inna.

Abin ya zo masa da sauƙi. Da can a cikin jakarta take ɓoye maganin, sai ga shi ya dawo bakin taga kusa da ƙofa. Tsufa, ya ce a ransa. Yana shigowa gaishe ta da safe za ta amsa a gurguje, ta ɗauki bokiti. Bai taɓa ƙirga abin da ke cikin kwalbar ba, don ɓarawo ba ya son lissafi. Auta, ƙanwarsa, ita ke kawo sabuwa duk ƙarshen wata, tana yabon Inna cewa ba ta fashi, ranar da ya kamata maganin ya ƙare ran nan yake ƙarewa.

Kansa ya lafa, zuciya ta kwanta. Ita kuwa Inna ta fara tamke goshi da ɗankwali har jijiya ta fito. In ya tambaya sai ta ce ƙarar injin niƙan maƙwabta ce. Ya ga tana dafa ƙirji in ta miƙe, ya kawar da kai. Sau uku yana cewa gobe zai daina, gobe kuwa akwai mutum sittin a bayansa.

Ranar Talata da azahar Auta ta kira shi tana kuka. Inna ta faɗi a tsakar gida.

Ya same ta a gadon asibiti, an ɗaura mata ruwa, gefen bakinta ya ɗan karkace. Likita ya ce an auna arziki, amma jinin ya hau hawan da bai kamata ya yi wa mai shan magani ba. Ya juya kan Auta.

"Ke ce mai kula da maganinta? Ina kika saye shi? Ko dai sakaci kika yi?"

Auta ta rantse, ta sake rantsewa, hawaye shaɓe-shaɓe. Ƙarfe yana tsaye jikin bango, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yarinyar nan ba ta ci nanin ba, ga nanin tana neman cin ta. Guduma ta dawo ƙeyarsa. Ya san in ya buɗe baki makulli ya tafi, suna ya tafi, kuma har abada Inna za ta san abin da ta haifa.

Ya matso bakin gadon. "Likita, ka ƙyale ta. Ni ne. Ni nake rage wa Inna maganinta, kullum..."

Inna ta ɗaga hannun da ke da ƙarfi ta riƙo gefen rigarsa. Maganarta a hankali take fita, amma kowa ya ji.

"Rage mini me, ɗan nan? Wata huɗu ban sha ko ɗaya ba. Kai nake ajiye wa, ruwan ma ni nake zuba maka."