Wa Ya Ɓata Kan Injin?

Tsoho Lai ya dire kan injin babur a bisa teburin ƙarfe, har kofunan shayi suka yi tsalle. Kwamfuresa, injin hura iska, na ruri a ƙuryar shagon, amma muryarsa ta danne ta.

"A kashe wannan abin! Wane ɗan iska ne ya yi wannan aikin?"

Pi-lien, matar da ke riƙe da shagon, ta ajiye kwanon taliyar da ko rabi ba ta ci ba, ta kashe injin. Karen da ke kwance a bakin ƙofa ya ɗaga kai, ya dubi tsohon, ya koma barcinsa.

A duk wannan lungun na birnin Tainan, nan ake kawo kayan injin babur idan baƙin mai da datti sun ci su. A saka ƙarfen cikin akwati mai tagar gilashi, a zura hannu cikin safar roba, a fesa masa gari da iska mai ƙarfi har ya fito fes. Alminiyum kuwa garin gilashi mai laushi yake so. Yashi mai kaushi na tsatsar baƙin ƙarfe ne.

Wannan kan injin da yashi mai kaushi aka fesa shi. Fuskar da gaskit mai hana yoyo ke zama a kai ta ƙwarzabe kamar bayan kada. Ba a rufe ta da salatif ba, ba a toshe ramukan mai ba. Tsohon ya karkata shi, yashi ya zubo daga hanyar mai. Ga shi na tsohon babur ne da aka daina ƙerawa tun tuni, ba a samun wani ko a wurin 'yan gwangwan.

"Yi haƙuri, Baba. Zauna tukuna," in ji Pi-lien.

"In zauna in ci me? Da na ɗaura wannan na hau titi, injin ya cije a tsakiyar gada, ke za ki kwashe ni? Ina mai shagon?"

"Ni ce, Baba."

"Ke?" Ya ƙare mata kallo. "Na san shagon nan tun yana rumfar kwano. Wanda ya kafa shi, ko da ido rufe ba zai yi wannan ɓarnar ba. Kun gaji sunansa kun tsoma a kwata."

Pi-lien ta matso kusa da shi. Ta dubi hannun rigarsa da ƙurar yashi ta yi wa futu-futu, ta kawar da kai.

A-Shan, ma'aikacinta, ya fito daga bayan akwatin yana cire takunkumi. Magidanci ne mai furfura a gemu, ya daɗe a shagon, kuma bai taɓa ɓata wa kowa ko ƙusa ba. Tsohon ya yi kansa.

"Kai ne ko? Dubi hannunka, kamar na mai fasa dutse. Je ka sayar da goron tauna a bakin titi, can ka dace!"

Jijiyar wuyan A-Shan ta miƙe. Maƙwabta sun fara taruwa: mai facin taya, matar da ke sayar da miyar kifi a tsallake, da wasu masu babur biyu da suka kawo aiki. Tsohon ya ga ya samu jama'a, ya ƙara murya. Ya fizgi safar roba daga kan teburi ya shauɗa wa A-Shan a fuska. Ya juya ga Pi-lien.

"Ko ki kore shi yanzu a gabana, ko in tsaya nan har dare ina gaya wa duk mai wucewa irin aikinku."

Numfashin tsohon ya fara sarƙewa, leɓensa na rawa. Pi-lien ta lura da haka. Ta juya ga A-Shan ba tare da ta haɗa ido da shi ba.

"Ajiye rigar aikin. Ka tafi."

A-Shan ya cire rigar, ya jefar da ita ƙasa, ya ratsa mutane ya fice. Masu babur ɗin nan biyu suka dubi juna, suka kwashe kayansu suka bar wurin. Tsohon ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya ci nasara. Mai miyar kifi ta kama hannunsa ta tsallaka da shi, ta zaunar da shi, ta zuba masa miya ba tare da ta tambayi abin da zai ci ba.

Pi-lien ta zagaya bayan shagon. A-Shan na tsaye jikin babur ɗinsa, shatin safar na nan a kumatunsa.

"Ka huta yau. Gobe ka shigo ta baya."

"Babu gobe, uwar ɗakina." Ya shafa kumatunsa. "Zagi na shanye, ba sau ɗaya ba. Amma mari a gaban mutane? Ina da 'ya'ya a unguwar nan. Wannan karon na tafi ke nan."

"A-Shan, don Allah."

"To je ki gaya masa gaskiya! Yanzu, a gaban waɗanda suka gani."

Ta waiwaya. Ta cikin shagon tana hango tsohon a tsallake, yana hura cokalin miya, yana yi wa mai abincin murmushi, fushin ya riga ya bar fuskarsa. Ta share ido da bayan hannu.

"Mantuwar tsufa ta shafe masa komai. Wacce zan fara gaya masa?" ta ce. "Cewa shi ya fesa yashin da hannunsa da safen nan, ko cewa shi ya haife ni?"