Sana'ar Masu Ido

Malam ya ɗaga resista tsakanin yatsu biyu, ɗan abu da bai kai ƙwayar wake ba, ya juya shi a gaban aji. "Wannan sana'a ta masu ido ce," in ji shi. "Wanda bai iya bambance ja da kore ba ya tafi sayar da gawayi, can launi ɗaya ne."

Aji ya kwashe da dariya. Dogo ma ya yi, har ya fi kowa ɗaga murya, alhali shi ma bai iya bambance su ba.

Ita resista ba a rubuta ƙarfinta a jiki. Sai wasu ratsi-ratsi na launi da aka zagaya mata, kowane launi da lambarsa, mutum ya karanta ya san ko za ta ɗauki wutar ko za ta yi hayaƙi. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, Allah ya saka masa, bai yi shawara da irin su Dogo ba. Shi ja da kore da ruwan ƙasa duk 'yan gida ɗaya ne a idonsa. Dokar makarantar koyon sana'ar kuwa a fili take, duk wanda aka gano da wannan larura a ajin farko na lantarki, sallama ce. Ga yayansa ya riga ya shelanta wa dangi cewa an samu injiniya a gida.

Amma Dogo ba wawa ba ne. Yana da mitar awon ƙarfin resista a ƙarƙashin tebur, yana kuma da Anti a gefensa, wata mai 'ya'ya uku da ta dawo karatu bayan ta yaye auta. In mita ta yi nisa, Anti ta sunkuya kamar mai gyara takalmi ta raɗa masa launin. Haka ya zama gwanin aji. Malam, wanda bai yarda ya sauƙaƙa wa ɗalibi ta hanyar faɗin launi da bakinsa ba, kullum sai ya miƙa resista ya ce, "Dogo, karanta wa waɗannan makafin." Dogo ya karanta, Malam ya gyaɗa kai, makafi su rubuta.

Ranar jarrabawar gwaji Shugaban Sashe ya tashi da kishin aiki. Ya shigo ɗakin da sassafe ya kwashe mitoci kakaf, har da ta Malam, ya kulle a ofishinsa. Ya dire gwangwanin resistoci da ya haɗo da hannunsa, ya ce ɗalibai su shigo ɗai-ɗai, sannan ya tafi taro da makullin a aljihu. Malam ya bi bayansa da kallo, yana share gumi duk da fankar da ke kaɗawa.

"Dogo ya fara shigowa," in ji Malam. "Gwani ke buɗe fage."

Ɗakin na warin dalma da ƙonanniyar waya. Resistoci a jere kan farar takarda, ba mita, ba Anti. Dogo ya ɗauki ta farko, ya ƙura mata ido har hawaye ya taru. Ratsin nan suka yi masa kallon ba mu san ka ba. Ya yi bismilla a zuci ya fara canka. Inda zuciya ta ce ja ya ce ja, inda ta yi shiru ya ce kore. Malam na ɗaga kowacce wajen hasken taga, ya daɗe yana nazari irin na masana, ya rubuta abin da Dogo ya faɗa.

"Madalla. Turo na gaba."

Kashegari Malam ya shigo da fuska a murtuke. Ya ce bai taɓa ganin tarin asara irin wannan aji ba. Mutum ɗaya ne ya ci, sauran duk za su maimaita zango, kuma ya ba su shawara su biya asibitin ido kafin su dawo. Aka tafa wa Dogo, tafin da ya fi mari zafi.

A bakin ƙofa Anti ta tare shi. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damunsa ke nan. "Ƙanena, me ka ce a ta farko?" Ya gaya mata. Ta dube shi ta ce, "Ruwan ƙasa ne, da ja, da ja. Wallahi da idona na gani." Ta saɓa jakarta ta wuce, tana lissafin wa zai sake riƙe mata yara wani zangon.

Dogo ya tsaya cak. Ya san idon Anti, da shi ya ci abinci wata da watanni. In ya yi shiru ya tsira, injiniyan dangi ya tabbata. Kunya ta hana shi shirun. Ya koma ɗakin gwaji, ya tarar da Malam shi kaɗai yana naɗe wayoyi, ya rufe ƙofa, ya durƙusa.

"Malam, a kore ni, amma a sake duba na su Anti. Ni ba na bambance ja da kore. Canka na yi."

Wayar ta suɓuce daga hannun Malam. Ya laluba kujera ya zauna, ya cire tabarau, ya leƙa taga ko akwai mai ji.

"Canka?" Muryarsa ta koma raɗa. "Ka kashe mu, Dogo. Da amsarka na auna ta kowa, ni ma tun da aka haife ni duk ruwan ƙasa nake ganinsu."