Shafin Kyauta

"Anti, bari in karanta miki littafin da ake yayi a WhatsApp," in ji ƙanwar mijina.

Tun layin farko na gane shi. Labarina ne. Da ciwon ido ya hana ni kallon waya, daga nan Gashua saƙon murya nake tura wa aminiyata a Nguru, babi bayan babi, tana rubuta min. Kullum cewa take, "Bari mu gama tukuna, sannan mu sake shi."

"Sunan wa ke sama?" na tambaya.

Ta faɗi sunan aminiyata, sai ta daka tsalle.

"Laa, Anti, har da ke! Saurara: 'Wannan shafin kyauta ne gare ki, masoyiyata ta Gashua. Na gode da bibiyar littafina.'"