Sunan da ke Kafaɗarta

Maigida Stoyko ya miƙo mini injin zanen jiki. "Dobrin, ka gama koyo a fatar alade. Yau fatar mutum za ka taɓa. In ya yi kyau, kujerar can taka ce. In ka ɓata, ka koma dakon kifi."

Tunda na fara koyo, a shagon nan na birnin Varna nake yini, gida sai dai barci.

"Mace ce, tana ciki," in ji shi. "Sunan wani take so a rufe a kafaɗarta. Ka san dokarmu, ba a tambayar dalili."

Na same ta kwance rub da ciki. Na karanta sunan, ban tambaya ba. Na zana baƙin fure a kansa har ba harafin da ya leƙo.

Stoyko ya duba, ya gyaɗa kai. "Ka samu kujera."

Ta tashi ta kalli madubi. "Ya yi kyau, Dobrin. Kayanka suna wajen mamarka. Ba ni makullin gida."

Na miƙa wa matata makullin. Sunana ne na rufe.