Murya a Kunya ta Bakwai

Furera ta fara ganin Abdulkabir ne a gefen dam ɗin Watari, tsugune gaban injin ban-ruwa, ya kara masa waya kamar mai jiran injin ya yi magana. Tana ɗauke da kwandon tumatir, tana 'yar waƙarta. Ya miƙe ya roƙe ta ta maimaita ya naɗa. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta wuce. Bayan shekara aka ɗaura musu aure, kuma har yau ba ta yarda ta rera masa ko baiti ɗaya ba.

Sana'arsa haɗa kiɗan biki a tsohuwar kwamfuta, da wata manhaja da yake kira tiraka. Ba hoto a cikinta, sai lambobi da haruffa suna gangarowa layi-layi kamar kunyoyin gona, kowace kunya da sautinta. Ya sa dakan turmin innarsa ya zama ganga. Ya taɓa nuna mata yadda maɓalli ɗaya ke ɗaga kukan bunsuru har ya koma na tsuntsu, na kusa da shi kuma ya sauko da shi. Ta yi dariya har da hawaye.

Dariyar ta ƙare ranar da ta jiyo mace a kunya ta bakwai.

Murya ce siririya, mai zaƙi, tana amsa waƙar soyayya. Yakan kulle kansa a shago da hantsi, ya fito yana murmushi. Ta tambaye shi ko wace ce.

"Wata ce dai," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Ba ki san ta ba."

Furera ta bi 'yan matan ƙauyen da kunne, a rijiya, a injin niƙa, a gidan suna. Babu mai wannan murya. Satin da mura ta kama shi, sai ta ji muryar yarinyar ma ta ɗan toshe. Wato har sun kai kusancin da za su shafa wa juna mura!

Ranar Juma'a ya tafi masallaci ya bar shagon a buɗe. Waƙar ta bikin jibi ce, aikin sati shida. Ta sani sarai. Ta zauna, ta kunna, ta kai haske kan kunya ta bakwai da niyyar share ta tas. Garin sauri, yatsanta ya zame kan maɓallin da ke gefe.

Muryar ba ta goge ba, sai ta sauko. Ta sake dannawa, ta ƙara saukowa, tana kauri, tana kauri, har Furera ta ɗora hannu a baki.

Haka ya shigo ya same ta, da darduma a kafaɗa. Ya dubi kwamfutar, ya dubi ƙasa, kunya ta rufe shi, domin muryar da ta cika shagon ita ce wadda ta taɓa roƙonta a gefen dam.

"Malam," ta ce, tana share ido, "daga yau ka daina zama mace saboda na ƙi rera maka. Na yi alkawari, ni zan rera."