Wanda Ya Tsaya Mata

Tun da aka mayar da rabon ruwan Tungar Jatau cikin gajimare, rumbun kwamfutocin nan da ba wanda ya taɓa gani da ido, ba injin da ke shiga can sai da takardar shaida. Kuma sai mutum ya tsaya masa, kamar yadda fatoma ke tsaya wa baƙon kasuwa. Yau takardar Magini, ɗan ƙaramin injin da ke tsara famfunan fadama, take ƙarewa. In ta ƙare, albasar gari kaf ta bushe.

Ko a jikin Barmani. Shekara da shekaru ita ke tsaya masa. Da hantsi ta jefa shi a jaka ta nufi rumfar shaida, har da goronta, ko da yake ba mai ci.

"Wa ya san wannan?" in ji muryar kwamfutar da ke tsaron ƙofa.

"Ni, Barmani 'yar Talle. A hannuna ya tashi, bai taɓa karkatar da ruwan wani ba."

Ta ɗora tafin hannunta, hatimi ya hau, sabuwar takarda ta fito. Nan take ta jiyo famfunan fadama sun ɗauka.

"Madalla. Buɗe min in ga rabon ruwan bana," in ji Barmani.

"Hajiya, doka ta canza. Shi mun san shi. Ke wa ya tsaya miki?"

Ta buɗe baki ke nan, wata murya daga cikin jakarta ta riga ta.

"Ni na tsaya mata," in ji Magini. "Zuwa baɗi."